Baba Kuku da Haɗin Jan Zoɓo

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kazaure a matsayin malamin gona, ban taho da iyali ba. Na bar su a gida tukuna, sai na ga yadda garin zai karɓe ni. Ɗaki ɗaya na kama a wata unguwa da ke gindin dutse, kuma da yake ban iya ɗora tukunya ba, yunwa ta kai ni wurin wani tsoho mai shagon abinci a bakin layinmu. Kowa Baba Kuku yake ce masa, har 'yan cocinsu. Mutumin Filato ne, Kirista, dogo, ya fara ranƙwafawa. Ya yi shekaru masu yawa yana yi wa wasu Faransawa girki a Damagaram, daga baya suka koma Yamai da shi. Da suka tafi ƙasarsu sai ya tsallako, ya sauka a Kazaure saboda 'yarsa tana aikin jinya a nan. Daga baya aka canja wa 'yar wurin aiki, ta tafi, shi kuma ya ƙi tashi. Ya ce ya gaji da ɗaure kaya.

Shagon ba wani babba ba ne: benci biyu, tebur ɗaya, da tukwane a bayan labule. Shinkafa da wake yake yi, ranar da ya ga dama ya soya dankali da ƙwai. Abin da na fara lura da shi shi ne ba ya zuba komai a tukunya sai ya kai shi hanci. Man gyaɗa, albasa, tattasai, har gishiri. Na taɓa ganin ya mayar wa wata mai talla da kwalbar mai bai ko ɗanɗana ba, ya ce gyaɗar ta kwana a jiƙe kafin a soya ta. Matar ta yi ta rantsuwa, daga ƙarshe ta yi dariya ta amsa.

A lokacin zoɓo ya fara zama abin kasuwa. Da can a gefen gona ake shuka shi don a gane iyaka, mata su ɓare, su shanya, a ajiye na sha. Sai ga masu saye suna zuwa da motoci. Aikin da aka ɗora mini shi ne in haɗa manoman Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura a ƙungiya ɗaya, su riƙa sayarwa tare maimakon kowa ya kai ɗan buhunsa kasuwa a taya masa yadda aka ga dama. Mun samu wata Hajiya a Kano da ke dafa zoɓo tana ɗurawa a robobi tana kai wa shaguna. Ta yarda za ta riƙa ɗaukar namu. Wata biyu ana tafiya lafiya a ganina, sai wata rana ta kira ni.

"Malam, ni fa ban gane muku ba. Buhun wancan satin ja ne wur, na wannan satin kuma kamar an wanke tsumma a ruwa. Wani tsami, wani lami. Masu shago suna cewa na canja hannu. In ba za ku iya ba ni iri ɗaya ba ku gaya mini, in nemi wasu."

Na ba ta haƙuri. Da na kai maganar wurin manoma sai kowa ya ce ai ba nasa ba ne mai laifin. Na Roni suka ce nasu ya fi kowanne yawa da kyan gani. Na Ɓaɓura suka ce nasu ne 'yan Nijar ke rububi. Na dawo da ɗan ƙulli huɗu a leda, ɗaya daga kowane gari, ba tare da na san abin da zan yi da su ba. Na ajiye su a teburin Baba Kuku ina jiran shinkafata.

Bai tambaye ni ba. Ya kwance ƙulli ɗaya ya shinshina, ya kwance na biyu, sai ya ce, "Malam, abincinka zai ɗan jira."

Ya ɗora ruwa, bai bari ya tafasa sosai ba, ya jiƙa kowanne a kofinsa, ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Da suka ɗan huce ya kurɓi na farko, ya juya shi a baki kamar mai kuskure baki, ya tofar a wani tsohon gwangwani.

"Wannan na ina ne?"

Na ce na Roni.

"Yana cika baki, yana da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙasansa. Amma dubi kalarsa, ba ta kama ba. Kuma da ka haɗiye shi ke nan, ya wuce, bai bar maka komai ba."

Na Gwiwa ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana kallo, don ja ne har ya kusa zama baƙi. Ya ce yana da bauri, yana kama dasashi. Na Ɓaɓura da ya kurɓa sai da ya rufe ido ɗaya saboda tsami. Na Kazaure ya ce ya fi su ƙamshi, sai dai a ƙasa aka shanya shi, ga yashi nan a gindin kofi. Daga nan ya ɗauko kofi na biyar da cokali. Ya zuba na Roni cokali shida, na Gwiwa biyu, sauran ɗaya-ɗaya. Ya ɗanɗana, ya ƙara rabin cokali na Gwiwa, ya miƙo mini.

Na sha zoɓo tun ina goye, amma ban taɓa shan irin wannan ba sukari in ji ba na neman sukarin ba. Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?"

Ya zuba mini shinkafata, ya zauna a ɗaya bencin, sannan ya ba ni labari. Ya ce wata shekara maigidansa Bafaranshe ya tafi da shi garinsu a kudancin ƙasarsu, aka yi dace lokacin yankan inabi ne. Ya ce ya zaci zai ga ƙasa mai dausayi, sai ya tarar da tsakuwa da duwatsu da zafin rana, kamar bayan garin nan. Inabin da suka fi shukawa sunansa Girinash. Gajere ne, ya ce, bai fi sabara tsayi ba, ba ya tsoron rana, ba ya neman ruwa da yawa. Yana da zaƙi sosai, amma ɓawonsa ba kauri, don haka ruwansa ba ya yin ja yadda suke so, kuma shi kaɗai ba shi da kaifi. Sai su kawo wani da ake kira Sira, mai duhu, mai ɗan yaji kamar masoro, su ƙara. Akwai na uku mai bauri, ya faɗi sunansa sau biyu, bakina ya kasa riƙewa. Manoman ƙauyuka da yawa ne ke kawo inabinsu gida ɗaya na ƙungiya. Wasu tsofaffi uku ko huɗu ne ke zama su yi ta ɗanɗanawa suna tofarwa har su daidaita haɗin shekarar, kullum Girinash ɗin ne mai rinjaye. In an ɗura a kwalba, sunan yankin ake rubutawa, ba sunan manomi ko ɗaya ba.

Na ajiye cokalina. Na ce, "Giya ke nan fa, Baba."

"Giya ce, Malam. Ban ɓoye maka ba."

Na ƙarasa abincina. Ina tafiya ɗaki ina jin wani abu ya tsaya mini a rai, duk da na san abin da na sha ruwa ne da zoɓo.

Bayan kwana biyu na koma na tambaye shi ko har yanzu yana sha. Ya ce ɗan maigidan nasa yakan aiko masa da kwalba ɗaya duk ƙarshen shekara, ta hannun wani direba da ke zuwa daga Damagaram. Ranar Kirsimeti yake buɗewa, a ɗakinsa, ƙofa a rufe, don ya san garin da yake zaune. Ya shiga ciki ya ɗauko ta naɗe a tawul. Ban taɓa ta ba. Ya ɗaga ta saitin taga, na ga kalar, da a kofi aka miƙo mini da rantsewa zan yi zoɓon Gwiwa ne. Ya karanta mini rubutun jikinta da Faransanci, ya nuna mini inda aka sa sunan inabin, da inda aka ce ƙungiyar manoma ce ta yi. Son sani ya ɗebe ni, na ce in ya buɗe ranar bikinsu ko zai bari in ji ƙamshin kawai.

Ya mayar da ita cikin tawul. "A'a, Malam. Kada ka je kan sallaya kana ta tunani saboda ni. Abin da kake buƙata a cikinta na riga na gaya maka."

Na roƙe shi ya zo taron ƙungiya ya nuna wa manoma abin da ya nuna mini. Da farko ya ƙi, ya ce shi mai dafa shinkafa ne. Da na matsa ya yarda. Aka sa rana a Roni, a ƙofar gidan Sarkin Noma, wani dattijo mai faɗa a ji wanda zoɓonsa ya fi na kowa yawa. Na ɗauki Baba a bayan babur ɗina, ya rungume wani kwali da buta a cinya.

Mutane sun taru a inuwar darbejiya. Cikin manyan akwai wani Alhaji daga Ɓaɓura, manomi ne kuma ɗan kasuwa, mai shiga Nijar kamar ɗakinsa. Mata suna gefe a kan tabarmarsu, cikinsu har da wata dattijuwar Bafulatana daga Gwiwa da kowa ke ce wa Inna. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yan shanu da gona a kan tudu mai duwatsu, kuma a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, take shanya zoɓonta, ba ya taɓa ƙasa.

Baba ya jiƙa guda huɗun a bayan katanga inda ba wanda ke gani, ya yi na biyar na haɗin, aka jera ba tare da an faɗi na wane ne wanne ba. Ya ce kowa ya ɗanɗana ya nuna nasa. Sarkin Noma ya fara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai, da ya zo kan na Roni ya ce wannan kam na malalata ne, ba su ba shi taki ba. Da ya sha na biyar ya ɗaga kofin sama.

"Ga nawa. Ko a mafarki na san shi."

Na duƙa na gaya masa a hankali cewa na malalatan ne nasa. Na kusa da mu suka ji, wurin ya ɗauki dariya. Dattijon ya yi kamar zai ɓata rai, sai shi ma ya fashe. Cikin duk waɗanda suka gwada, Inna ce kaɗai ta faɗi kowane kofi daidai, har ta ce na biyar ɗin ba na kowa ba ne, an cuɗa ne, kuma akwai nata a ciki.

Ana cikin haka Alhajin Ɓaɓura ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yi nisa. Ni na ji inda wannan dabarar ta fito. An ce haka masu giya suke yi a ƙasar Turawa, kuma wannan bawan Allah a can ya koyo. Yanzu mu da bakinmu na salati, mashayi ne zai riƙa zaɓa mana abin da za mu sayar wa Musulmi?"

Ni na san ta inda maganar ta fita. Ni na ba wa wani abokin aikina labarin a ofis, ina jin daɗin ba da shi. Wasu suka fara kallon kofunan da ke hannunsu. Wani ya ajiye nasa a ƙasa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya buɗe kwalin da ya rungumo, ya fito da ledojin da kofunan suka zo a ciki, da takardar da ke manne a gindin butar. Kofunan da butar duk sababbi ne, ko ruwa ba su taɓa gani ba sai ranar, balle giya. Ya ce, "Alhaji, gaskiya ka faɗa, a can na gani. Amma ban kawo muku giya ba. Zoɓonku ne da ruwan rijiyarku. In ba ku so, sai in koma shagona."

Sarkin Noma ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Ni dai abin da na sha ruwa ne da zoɓo. Burtsatsen da garin nan ke sha, da aka zo haƙa shi ban ji wanda ya tambayi mai injin abin da yake sha a gidansa ba. Malam, ka rubuta yadda ya ce a haɗa."

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango duwatsun Kazaure. Na rage gudu na ba Baba haƙuri, na ce bakina ne ya jawo. Ya ce in bar shi, ai ya sayi kofunan tun kafin ya san na yi wa kowa magana.

"Na daɗe a ƙasar nan, Malam. Na san abin da ake tambaya."

Wannan maganar ta fi damuna a kan ta Alhaji. Kullum ina cin abincinsa, muna hira, muna dariya, ban taɓa tunanin irin lissafin da yake yi kafin ya shiga cikin taronmu ba. Ni in zan je Roni hulata kawai nake ɗauka.

Muka samu wani sito a Kazaure, aka share, aka shimfiɗa tamfol. Kowane gari ya kawo nasa, a auna da kwano, a cuɗa da shebur, a ɗura a buhu. Mutanen Kazaure suka daina shanya a ƙasa. Hajiyar Kano ta daina ƙorafi, har ta turo mana wata ƙawarta. Na zaci an gama da wahala, ashe ba a fara ba. Matsalar ita ce haɗin bai raba daidai ba. Na Ɓaɓura kaɗan ake buƙata, saboda tsaminsa yana danne sauran, don haka mafi yawan abin da suka noma sai sun nema masa wata kasuwar. Alhaji ya ɗauka ramuwar gayya ce a kan maganar da ya yi. Na yi masa bayani har na gaji. Wani abin da ya ƙara ɓata masa rai shi ne buhun ba ya ɗauke da sunan kowa. Shi kuwa ya saba a ce zoɓon Alhaji ne. Bayan kaka biyu ya janye, ya koma sayar wa masu fitar da shi waje, waɗanda nauyi kawai suke dubawa. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Wasu ƙananan manoman Ɓaɓura suka maye gurbinsa. Har yau in muka haɗu muna gaisawa da kyau.

Shekara ta uku ruwa ya ɗauke da wuri a wajen Roni. Zoɓonsu ya fito ƙanana, ba jiki. Baba ya jiƙa, ya ɗanɗana, ya sake jiƙa wani buhun, sannan ya ce bana na Roni ba zai iya ɗaukar haɗin ba, sai dai a rage shi a ƙara na Gwiwa da na Kazaure. Na ce ya taimaka ya duba, Sarkin Noma shi ya tsaya mana a ranar da aka so a watse. Ya ce ya sani, amma kofi bai san wannan ba.

Ni na kai saƙon, kuma ban ji daɗin kaiwa ba. Washegari da hantsi sai ga Sarkin Noma a bayan ɗan acaɓa, ya sauka a ƙofar shagon. Bai taɓa zuwa ba. Baba ya goge masa benci da kansa. Bayan doguwar gaisuwa dattijon ya ce, "Kuku, an ce ka rage ni."

"Ba ni na rage ka ba, ranka ya daɗe. Damina ce."

Ya jiƙa masa na bana, ya ɗauko ragowar na bara da ya ajiye a kwalba ya jiƙa, ya jera masa. Sarkin Noma ya sha wannan, ya sha wancan. Baba ya ba shi labarin wani tsohon manomi da ya gani a garin maigidansa, wanda ya kawo inabinsa cike da amalanke aka ce bai kai ba, sai dai a sa shi a na ƙasa-ƙasa. Ya ce mutumin ya zauna a kan tayar amalanken ya yi hawaye a gaban 'ya'yansa, amma an ce da shekara ta zagayo shi ne ya fara kawowa.

"Ni ba zan yi maka kuka ba," in ji Sarkin Noma. "Amma ka zuba mini shinkafar nan da Malam ke ta yabo, tun da na zo."

Ya ci, ya ce wake ya yi yawa, ya hau acaɓa ya koma. A taron da ya biyo baya shi da kansa ya sanar da mutanensa, bai ce Baba ne ya yanke ba.

Tun shekarar farko Baba ya so ya koya mini ɗanɗano, amma abin bai yiwu ba. Ya ce goro da barkono sun gama da harshena, in ya ba ni ruwan kanwa ma cewa zan yi da daɗi. Inna ya koma wa. Duk ranar haɗi takan taho daga Gwiwa a motar kasuwa, ta zauna a bakin sito a kan buhu, shi yana kan kujera, kofuna a tsakaninsu. Ita ta ce ba wani abu ba ne, wanda ya shekara arba'in yana sayar da nono ya san na jiya da na shekaranjiya ko da ido a rufe. Suna yawan musu. Ita tana son tsami ya ɗan fito, shi yana son ya ɓuya. Ba ta taɓa tofarwa ba, ta ce ba ta zubar da abin da ta noma.

A shekara ta biyar Baba ya kwanta da wani zazzaɓi mai mura, ya yi kusan sati uku. Ya tashi, ya buɗe shago, amma sai na fara jin gishiri yana yi wa shinkafar yawa, wata rana kuma babu sam. Ranar haɗi ya zo kamar kullum, ya kai kofi hanci, ya kurɓa, ya tofar. Sai na lura ba ya fara magana. Yakan ce, "Inna, ke me kika ji?" In ta faɗa sai ya ce haka ne. Ita ma ta gane tun kafin ni. Maimakon ta jira ya tambaya, sai ta riƙa yin maganar da ƙarfi tun kofin yana bakinsa, kamar da kanta take yi, don ya samu abin kamawa. Haka aka yi haɗin shekarar, mutanen da ke cuɗawa ba wanda ya san komai.

Da aka watse, muka rage mu uku, ya kife kofinsa a kan tire. Ya ce, "Inna, na gode. Amma ba za a sake haka ba. Tun da na tashi daga ciwon nan, da zoɓo da ruwan zafi duk ɗaya ne a bakina. Malam, ka gaya wa ƙungiya ita ce mai yi yanzu."

Inna ta ce ɗanɗanon zai dawo, Allah ne mai yi. Ya ce to, amma kada buhunan mutane su zauna jiran hancinsa.

Ɗanɗanon bai dawo ba. Ga mai girki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu cin abinci suka fara raguwa, shi ma ya san dalili. Kafin damina 'yarsa ta zo da mota ta ce wannan karon ba ta tafiya sai da shi. Na taya su ɗaure kaya. Kayan ba su da yawa: katifa, akwati biyu, tukwane, da wani hoto da ya ɗauka a gonar inabi yana saurayi, sanye da malafa, riƙe da kwando. Ya bar mini benci ɗaya, don a lokacin iyalina sun taho kuma ba mu da abin zama a tsakar gida.

Wasu daga cikin maza sun yi gunaguni da aka ce mace ce za ta riƙa yanke yadda za a haɗa. Sarkin Noma ya ce duk wanda ke ganin ya fi ta, a jera masa kofi biyar. Ba wanda ya fito. Ƙungiyar tana nan har yanzu, ba ta girma yadda muka yi mafarki ba, ba ta kuma mutu ba. Wasu shekarun kasuwa ta yi kyau, wasu a sha wuya. Ni an sake canja mini wuri, amma nakan je lokacin haɗi in na samu hali.

Kakar da ta wuce ina bakin sito sai ga wayar Baba. Muryarsa ta yi rauni, amma hankalinsa garau. Ya tambayi iyali, ya tambayi yadda ruwa ya yi a Roni da Gwiwa, sannan ya ce, "To, nawa-nawa ta sa bana?"

Na gaya masa. Ya ce da shi ne da ya rage na Ɓaɓura, ta cika son tsami. Inna tana zaune kusa da ni tana tsince wani zoɓo a faifai. Na maimaita mata abin da ya ce. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka ce masa ya hau mota ya zo ya sha tukuna, sannan ya yi magana."

Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, na ji 'yarsa daga nesa tana cewa ya isa haka, ya ba ta wayar.